Babi na Uku: Daga Me Aka Cece Su?

Me Kirista yake nufi idan ya ce an cece shi? Gobara ce ta tashi a gidansa, ko ruwa ne ya so cin sa? Wannan tambaya takan faɗo a majalisun hira, musamman a wurare irin Karare da sauran ƙauyukan Batsari da Safana, inda kusan kowa Musulmi ne. A can, Kiristan da aka sani bai wuce malamin makaranta ba, ko ɗan bautar ƙasa, ko mai shagon magani, ko sojan da aka turo saboda fitinar dajin Rugu. Ana gaisawa da su, ana ciniki da su, amma ba safai ake zama a ji abin da ke cikin addininsu ba.

Abin da ya fi ɗaure wa Musulmi kai shi ne lokacin ceton. Shi dai ya san ceto abu ne na gobe ƙiyama, ana fatansa ana roƙonsa, ba wanda ya isa ya bugi ƙirji ya ce ya samu. Sai ga wani yana yawo da ƙafafunsa a kasuwa, yana cewa nasa ya riga ya tabbata. Ba za a fahimci wannan magana ba sai an san halin da Kirista ya yi imani ɗan Adam yana ciki kafin ceton ya zo. A taƙaice, Kiristanci na koyar da cewa zumuncin da ke tsakanin mutum da Mahaliccinsa ya yanke tun farkon duniya, kowa a cikin wannan rabuwa aka haife shi, kuma ba mai iya ɗinke ta da ƙarfin kansa. Bari mu bi maganar daki-daki.

Masu wannan magana a ƙasarmu

Da farko a san cewa ba baƙi kaɗai ke riƙe da wannan aƙida ba. A kudancin Jihar Katsina, wajen Malumfashi da Ƙafur da maƙwabtansu, akwai Hausawa gaba da baya waɗanda Kiristoci ne tun kakanni, da Hausa suke wa'azi, da Hausa suke addu'a. Yawancinsu daga gidajen Maguzawa suka fito.

Tarihin ya faro ne daga 'yan mishan. Mutum uku da suka kafa ƙungiyar SIM sun zo ƙasar nan a 1893, biyu suka mutu kafin su cim ma komai, Rowland Bingham kaɗai ya tsira ya ci gaba da aikin. Daga wannan ƙungiya ne cocin ECWA ta fito a 1954. Ta ɓangaren Anglika kuma, Likita Walter Miller ya zauna a birnin Zariya daga 1905, kafin a mai da mishan ɗin Wusasa a 1929. Da hannunsa a fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga cikakkensa a 1932. Cocin Anglika ta kafa dayosis ɗin Katsina a 1990, Katolika kuma ta kafa nata a 2023, aka naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan yankin Malumfashi, ya zama bishop ɗinsa na farko. Waɗannan majami'u sun sha bamban a abubuwa da dama, amma dukansu sun haɗu a kan cewa mutum ya rabu da Allah, yana bukatar a sulhunta su.

Inda labarin ya faro

Tushen maganar yana babi na uku na Littafin Farawa, wato littafin farko na Attaura kamar yadda take a hannun Yahudawa da Kiristoci. Allah ya ajiye Adamu da Hauwa'u a gonar Aidan, ya halatta musu komai, ya hana su itace ɗaya. Maciji ya rinjaye su da cewa idan suka ci za su zama kamar Allah, suka ci.

Masu wa'azi sun fi tsayawa a kan abin da ya biyo baya. Da cin 'ya'yan itacen, sai suka ga tsiraicinsu, suka ɗinka ganyen ɓaure suka rufe jiki. Da suka ji motsin Ubangiji a gonar da sanyin yamma, maimakon su tarye shi kamar yadda suka saba, sai suka ɓuya a cikin itatuwa. Allah ne ya kira Adamu yana tambayar inda ya shiga. Da aka tuhume shi bai ce ya tuba ba, sai ya ɗora laifin a kan matarsa, har ya yi hannunka-mai-sanda ga wanda ya ba shi ita. Ita kuma ta tura wa maciji. Aka fitar da su daga gonar, aka sa mala'iku da takobi mai harshen wuta su tsare hanyar itacen rai.

A wannan ɗan gajeren labari Kiristoci suna ganin ɓaraka huɗu. Mutum ya fara gudun Allah. Ya fara jin kunyar kansa. Ya fara zargin ɗan'uwansa. Ƙasa ma ta juya masa baya, sai ya yi gumi kafin ya ci, ga ƙaya ga sarƙaƙƙiya. Babi na gaba kuwa jini ne ya zuba: Kayinu manomi ya kashe ƙanensa Habila makiyayi, uwa ɗaya uba ɗaya. Wanda ya zauna a gefen Rugu cikin shekarun nan ba sai an yi masa dogon sharhi a kan yadda 'yan'uwan juna ke zama abokan gaba ba. Ga Kirista, duk wannan reshe ne. Saiwar ita ce ɓuyan da aka yi a gonar.

Ƙofar da aka toshe

To, ina ruwan wanda aka haifa jiya da abin da Adamu ya yi? A nan ne mutane da yawa ke tirjewa, don haka bari mu kawo misali daga gidajenmu na karkara.

A ce ga babban gida mai gandu. Uba yana da gona da rumbu, 'ya'yansa na yi masa noma, shi kuma yana ciyar da su, ya yi musu aure, ya yanka wa kowa gayauna. Wata rana babban ɗan ya ga cewa ya isa da kansa. Ya yi wa uban rashin kunya, ya fita daga gandu, ya kwaɓa ƙasa ya toshe ƙofar da ta haɗa sashensa da tsakar gida, ya fasa katanga ya fitar da tasa ƙofar ta baya. Uban bai tashi daga gidan ba. Bai ƙwace gayaunar ba, bai hana shi ɗiban ruwa a rijiyar gidan ba. Amma gaisuwar safe ta ƙare, cin tuwo tare a zaure ya ƙare.

Shekaru suka tura, aka haifi yara a wannan sashe. Ba su ga ranar da aka yi faɗan ba, ba su sa hannu a toshe ƙofar ba. Duk da haka sun buɗe ido sun tarar da bango. Ba su san muryar kakansu ba, in suka hango shi a hanya sai su kauce. Da suka yi wayo, su ma suka fara jifan kajinsa, suna zagin sashensa, suka ƙara nasu laifin a kan wanda suka tarar. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Haka Kirista yake kallon 'yan Adam. Allah bai yi nisa ba, yana ba da ruwan sama da lafiya da haihuwa ga mai biyayya da mai saɓo. Ƙofa ce a toshe daga ɓangarenmu. Annabi Ishaya, a babi na 59 na littafinsa, ya gaya wa mutanensa cewa in sun ga addu'arsu ba ta karɓuwa kada su zaci Ubangiji ne ya gaza, laifofinsu ne suka gitta tsakani. Shi ya sa a wa'azin Kirista zunubi iri biyu ne: akwai waɗanda mutum ke aikatawa da hannunsa, kamar sata da ƙarya da zina, akwai kuma halin da aka haife shi a ciki, wanda su waɗancan 'ya'yansa ne. Wannan na biyun shi ake kira zunubin asali ko zunubin gado.

Yadda Bulus ya siffanta halin

Ba wanda ya yi wa wannan batu filla-filla kamar Manzo Bulus, wanda wasiƙunsa suka cika wani babban ɓangare na Sabon Alkawari. A wasiƙarsa zuwa ga Romawa, wadda ya rubuta wajen shekara ta 57 bayan haihuwar Almasihu, ya fara da masu bautar gumaka, ya nuna yadda suka bar Mahalicci suka kama halitta. Mai karatu Bayahude na gyaɗa kai, sai Bulus ya juyo kansa: kai da aka ba ka Attaura, ka kiyaye ta? Ya rufe da hukuncin cewa ba a ware kowa ba, mai littafi da marar littafi duk sun kasa.

A wurare dabam-dabam ya kira mutumin da bai sami ceto ba da sunaye masu nauyi. Ya kira shi bare, wanda ba shi da gado a gidan. Ya kira shi maƙiyi. Ya kira shi bawa, domin yana ganin abin da ya kamata, yana son ya yi, amma sai ya tsinci kansa yana aikata kishiyarsa. A babi na biyu na wasiƙar Afisawa ya kai maƙura, ya kira shi matacce, ko da yana ci yana sha. Dalilin zaɓen wannan siffa a fili yake: marar lafiya yana iya rarrafawa ya nemi magani, gawa kuwa sai abin da aka yi mata.

Ibadar Yahudawa ma, a fahimtar Kiristoci, tana nuna wannan rabuwa. A haikalin Urushalima, wato Ƙudus, akwai ɗaki na can ciki da aka tsare da labule mai kauri. Ba mai shiga sai babban firist, shi ma sau ɗaya a shekara, ranar kafara, da jinin hadaya a hannunsa. Littattafan Bishara sun ce a lokacin mutuwar Yesu wannan labule ya tsage biyu daga sama har ƙasa. Duk wa'azin ceto a kan ma'anar wannan tsagewa yake tafiya.

Gardamar da aka tafka a Afirka

Kada a ɗauka Kiristoci sun yarda da wannan bayani ba tare da musu ba. An kai ruwa rana a kansa, kuma a nahiyarmu aka yi. Agustin, wanda aka haifa a 354 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya zama bishop na garin Hippo, Annaba ta yanzu, har rasuwarsa a 430. A littafin da ya ba da tarihin rayuwarsa ya kawo wani abu da ya yi yana ɗan shekara 16. Shi da abokansa suka shiga gonar maƙwabci da dare, suka kakkaɓe wata bishiya, suka kwashi 'ya'yanta. Ba yunwa suke ji ba, a gidansu ma akwai waɗanda suka fi su daɗi. Ɗan kaɗan suka ɗanɗana, sauran suka watsa wa aladu. Da ya girma ya yi ta tambayar kansa abin da ya ja shi, sai ya ga ba komai ba ne illa daɗin yin abin da aka hana. Daga nan ya kafa hujjar cewa akwai karkata a zuciyar mutum tun kafin ya zaɓi komai.

Wani malami daga tsibirin Birtaniya mai suna Pelajiyus ya ce a'a. A ganinsa kowane jariri a tsarkake yake zuwa, Adamu mugun misali kawai ya bari, kuma Allah ba zai umarci mutum da abin da ba zai iya ba. A 418 taron bishop-bishop a Kartaj, kusa da birnin Tunis na yau, ya yi watsi da ra'ayinsa, aka bi na Agustin.

Ko bayan haka ba a zama baki ɗaya ba. Cocin Otodoks na gabas sun ce abin da aka gada mutuwa ce da raunin hali, alhakin cin itacen kuwa na Adamu ne shi kaɗai. Katolika, a taron Trent na 1546, ta ce zunubin asali yana bin kowa ta haihuwa, baftisma na wanke shi, amma karkata zuwa saɓo takan rage. Martin Luther da John Calvin, jagororin Furotesta a ƙarni na 16, sun fi kowa tsanantawa: sun ce ɓarnar ta taɓa hankali da zuciya da niyya gaba ɗaya. Ana ganin sawun wannan saɓani har a garuruwanmu. Katolika da Anglika suna yi wa jarirai baftisma, ECWA da Baptis kuwa sai mutum ya yi hankali ya furta bangaskiya da bakinsa.

Mutumin kirki fa?

Mai karatu zai ce, to ga dattijo mai gaskiya, mai riƙon amana, mai ciyar da maƙwabta, shi ma a ce ya rabu da Allah? Kirista ba ya musun kirkinsa. Abin da yake cewa shi ne, aikin kirki ba ya buɗe ƙofar da aka toshe.

Hujjarsa tana cikin misalin da Yesu ya bayar a babi na 15 na Bisharar Luka. Wani mutum yana da 'ya'ya biyu. Ƙaramin ya nemi gadonsa tun uban na da rai, ya tafi wata ƙasa ya cinye a shashanci, har yunwa ta sa shi kiwon aladu. Da ya dawo da niyyar a ɗauke shi barantaka, uban ya hango shi daga nesa, ya sheƙa a guje ya rungume shi, ya sa aka yanka maraƙi. Babban ɗan, wanda bai taɓa barin gona ba, ya dawo ya ji kiɗa, ya yi fushi ya ƙi shiga gida. Ya ce shekara da shekaru yana bauta, ko ɗan akuya ba a taɓa ba shi ba. Sai da uban ya fito waje yana lallashinsa.

Masu tafsirin Kirista sun ce 'ya'yan biyu duk sun ɓata. Ɗaya ya yi nisa da ƙafa, ɗayan ya yi nisa da zuciya yana tsakar gida, domin kallon mai biyan lada yake yi wa ubansa. A lura kuma cewa a wurin kowannensu uban ne ya fito.

Abin da ya faru a Babbar Ruga

Duk wanda ya taso daga Batsari zuwa birnin Katsina zai wuce Babbar Ruga kafin ya shiga gari. Yau an fi saninta da asibitin masu yoyon fitsari, amma asalinta mazaunin kutare ce. Turawan mulki sun daɗe suna taƙaita aikin 'yan mishan a masarautun Musulmi. A shekarun 1930, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka miƙa wa SIM kula da masu wannan ciwo a Babbar Ruga, kamar yadda aka yi a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato.

Mutanen da aka tara a wurin sun san rabuwa a jikinsu. An ware musu ƙwarya, aure ya mutu, dangi sun ja baya. Da aka karanta musu labarin kuturun da Yesu ya miƙa hannu ya taɓa, a babi na ɗaya na Bisharar Markus, ba su bukaci tafinta ba. Wasu sun karɓi sabon addinin, da yawa sun karɓi magani sun riƙe Musuluncinsu.

Sai dai akwai wani kuskure da ya shiga wa'azin wancan zamani, na kwatanta zunubi da kuturta, har wasu suka ɗauka ciwon hukunci ne. Wannan ya ƙara wa majinyata nauyi a banza. Ƙwayar cuta ce ke kawo kuturta, wani likitan Norwe mai suna Hansen ya gano ta a 1873, kuma yau ana warkewa da magani. Ita kanta Bishara ba ta goyi bayan wannan zato ba: da almajirai suka tambayi Yesu laifin wa ya sa aka haifi wani makaho, ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba ne. A aƙidar Kirista, likita da majinyaci matsayinsu ɗaya a gaban Allah.

Ga Maguzawa kuwa, maganar ta zo daidai da abin da suka riga suka sani. Joseph Greenberg, Ba'amurken da ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya tarar sun yarda akwai Allah mahalicci, amma suna ganin ya yi nisa, don haka iskoki suke yi wa yanka. Mai bishara bai sha wuyar gamsar da su cewa akwai tazara ba. Aikinsa shi ne ya faɗi dalilinta da maganinta.

Inda Musulmi ya tsaya

Musulunci ya yarda Annabi Adamu ya ci itacen, an kuma saukar da shi duniya. Daga nan hanya ta rabu. Suratul Baƙara ta nuna ya karɓi kalmomi daga Ubangijinsa, ya tuba, an yafe masa, magana ta ƙare. Alƙur'ani ya nanata a wurare da dama cewa ba mai ɗaukar nauyin laifin wani, hadisi ingantacce kuma ya ce kowane jariri a kan fiɗira ake haifarsa. Mutum mai rauni ne, mai mantuwa, amma ba matacce ba. Abin da yake bukata shiriya ce da tunatarwa, ƙofar tuba kuma a buɗe take tsakaninsa da Ubangijinsa ba tare da ɗan tsakiya ba.

Saboda haka idan Musulmi da Kirista suka zauna musu a kan gicciye ko matsayin Annabi Isa, alaihis salam, sau da yawa sun baro gardamar tun daga baya. Ɗaya yana ganin matafiyi ne ya ɓata hanya, a nuna masa ya ci gaba. Ɗayan yana ganin gaba ce ta shiga tsakani, sai an sami mai sulhu. Wanda ya riƙe wannan bambanci zai daina zaton maƙwabcinsa bai san abin da yake faɗa ba, ko da bai yarda da shi ba.

Saura tambaya mafi girma. In har ƙofa a toshe take, kuma na ciki ba ya iya buɗewa, wa zai buɗe, da wane farashi? A al'adarmu mai laifi ne ke neman dattawa su raka shi ya ba da haƙuri. Kiristoci sun ce a wannan sulhu wanda aka yi wa laifin ne ya tako, ya kuma biya diyyar da kansa. Yadda suke bayyana wannan, da dalilin da ya sa suke kiran Yesu Almasihu Matsakanci, shi ne abin da mai karatu zai tarar a babi na huɗu.